Zuwa ga Hajiyar da ta ce me 'ya mace za ta yi da fasa dutse

Assalamu alaikum, Hajiya. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya.

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo kika bugo waya, kika ce 'yarki likitanci ta nema, sai jami'a ta ba ta gurbi a jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu. Kika tambaya ta karɓa ne ko ta zauna ta sake JAMB baɗi, kika ƙara da cewa me 'ya mace za ta yi da fasa dutse. Lokaci ya ƙure ban amsa miki yadda ya kamata ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Ni dai shawarata ta karɓa, muddin ba ta tsoron lissafi kuma ba ta gudun rana. Bari in fara miki da ruwan da ke cikin randarki.

Garin Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin wanda kike gani a Kufena ta Zariya da Kajuru, sai dai a cikin gari jar ƙasa da marmara sun lulluɓe shi. Wani ya kai shekara miliyan 600, wani ma ya fi haka. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa kamar rairayi. Wuri biyu kawai ruwa ke maƙalewa: saman dutsen inda ya ruɓe, da cikin tsagar da ta ratsa shi. Shi ya sa za ki ga gida ya haƙa burtsatse ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya zarce shi zurfi bai tono komai ba sai ƙura. Na taɓa zuwa wani masallaci da jama'ar unguwa suka yi karo-karo, har da zawarawa masu sayar da ƙosai, mai haƙa ya kafa injinsa inda ya ga fili, kuɗin suka ƙare babu ɗigo. Da muka shimfiɗa wayoyi muka tura lantarki cikin ƙasa muka auna, ashe tsagar tana can bayan katanga, taku kaɗan daga ramin farko. Wannan awon yana cikin abin da za a koya wa 'yarki kafin ta gama. Kuma ke kin fi ni sanin wa ke ɗaukar jarka idan rijiya ta ƙafe.

Maganar mace kuwa, ki tuna Zamfara a 2010. Yara fiye da 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. Dutsen da ake nema wa zinare yana ɗauke da dalma, ana kai shi cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Wanda ya karanci ma'adinai, nauyin dutsen da ƙyallinsa kaɗai sun isa su sa ya ce a dakata a gwada. To amma a cikin gida ake dakan, gidan da aka rubuta wa "ba shiga". Ni ba zan wuce zaure ba. 'Yarki za ta shiga har tsakar gida, ta zauna kan tabarma, ta yi wa matan bayani da harshensu. Ga Birnin Gwari nan kusa da mu, har yau ana haƙar zinare.

Ba zan ce miki aiki na jiran ta a bakin ƙofa ba. Kamfanonin mai 'yan kaɗan suke ɗauka, ko da aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani tsakanin Bauci da Gwambe a 2022. Amma Kaduna gidan wannan ilimi ce. Hukumar binciken ƙasa da aka kafa tun 1919 tana da ɗakunan gwaje-gwajenta a Barnawa, cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa tana Mando, hukumar neman ma'adinan sarrafa ƙarfe tana Malali. Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafafunsu su ne suka iya zana taswira a kwamfuta, kuma ba su yi wasa da watannin koyon aiki ba.

Karatun shekara huɗu ne. Ta farko kusan duk lissafi ne da fiziks da kemistiri, daga nan a shiga ma'adinai, a yanka dutse siriri har haske ya ratsa shi a duba a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Sai fita daji da guduma da kamfas mai nuna gabas da yamma da littafi, wani lokaci na makonni, kuma yana cin kuɗi, gara ki fara tanadi. Da halin da hanyoyinmu ke ciki, haƙƙinki ne ki je sashen da kanki ki tambayi inda ake kai ɗalibai da inda 'yan mata ke kwana. Da hijabinsu suke zuwa, na yi aiki da irinsu da dama.

Asabar mai zuwa muna da awo a Rigasa. In kin amince, ki turo ta tare da yayanta ko kawunta, ta ja waya da hannunta, ta ga yadda ake karanta na'urar, in ta dawo ki ji ta bakinta. Gidan rediyon suna da lambata.

Wassalam,
Mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa, Kaduna