Wasiƙar Shugaban Makaranta ga Iyaye: Maganar Fasa Wayoyi da Baje Kolin Kimiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon yara, ina gaishe ku da ɗawainiya. Na so in buɗe wannan wasiƙa da albishir ɗin baje kolin kimiyya na bana, amma abin da ya faru makon jiya ya sa dole in fara da ƙorafi.

Ranar Talata wani uba ya shigo ofishina ransa a ɓace, ya zazzage mini leda a kan tebur. Wayar uwar yaronsa ce, an ɓamɓare fuskarta da sukudireba, tare da tsohon kalkuletan shagonsa. Yaron ya ce wai "ruwan lu'ulu'u" yake nema don gwajin baje koli. Kafin Juma'a wata ɗaliba ta zo da yatsa a naɗe, gilashin waya ya yanke ta. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Babu malamin da ya sa su. Wayar da malamin fiziks ya ce a kawo wayar ƙarfe ce, wadda za a lanƙwasa ta zama zobe a tsoma cikin ruwan sabulu. Kun san malamin nan. Shi ne yake zama da yaranku har bayan la'asar ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba, kuma ban yarda a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ga abin da yake koya musu, domin in yaro ya zo da wata magana ku san amsar da za ku ba shi.

Akwai wasu sinadarai da suke kwarara kamar ruwa, amma ƙwayoyinsu dogaye ne kuma a jere suke, duk sun fuskanci gefe guda kamar ashana a kwalinta. Su ake kira ruwan lu'ulu'u. Wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya gamu da su a birnin Prag a 1888. Ya ga wani sinadari yana narkewa sau biyu: a digiri 145.5 ya zama ruwa mai duhu-duhu, sai a digiri 178.5 ya washe garau. Wani nau'in ruwan lu'ulu'un ƙwayoyinsa hawa-hawa suke zama, har ana iya jansa a kan ɗan firam ya zama siririyar yana irin ta kumfar sabulu. Kaurin kowane hawa kusan nanomita 3 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, kuma yanar tana iya tsayuwa da hawa biyu kacal.

Tambayar da yaranmu za su amsa a baje kolin ita ce: me ya sa in aka ɗumama gefe ɗaya na irin wannan yana, ɗaya gefen yana da sanyi, sai abin da ke cikinta ya fara tafiya alhali babu mai tura shi? Amsar tana saman ruwa. Saman kowane ruwa a ɗame yake kamar fatar ganga, shi ya sa allura take iya kwanciya a kansa in an ajiye ta a hankali. A yawancin ruwaye zafi yana sassauta wannan ɗamewa. Ruwan sha da ya kai tafasa yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta. To in gefe ɗaya ya saki, ɗayan yana nan a ɗame, sai ya zama kamar wasan jan igiya, mai ƙarfi ya janye saman ruwan zuwa wajensa. Ana kiran wannan da sunan Carlo Marangoni, ɗan Italiya da ya yi nazarinsa a Jami'ar Pavia a 1865. A yana mai siranta haka kusan duk jikinta sama ne, saboda haka ɗan bambancin zafi ya isa ya motsa ta.

Na gani da idona a ɗakin gwaji. Malam ya zuba man gyaɗa ɗan kaɗan a faranti, iya abin da zai rufe gindinsa, ya barbaɗa garin yaji. Ya ɗumama ƙusa, ya kusantar da ita ga man bai taɓa ba. Nan take yajin ya dare ta kowane gefe, ya bar fili a tsakiya kamar faɗin kwabo. Ajin ya yi tsit, sannan wata yarinya a baya ta ce, "Malam, don Allah a sake." Irin wannan ranar ce take sa mutum ya manta gajiyar aikin nan.

A doron ƙasa gwada ainihin yanar yana da wuya, domin iskar da ta yi ɗumi tana tashi sama ta ja yanar, a kasa bambance wanne ne ya motsa ta. Shi ya sa a 2015 aka aika wani gwaji mai suna OASIS zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kimanin kilomita 400 a samanmu, inda iska mai ɗumi ba ta tashi. Masanan Jami'ar Kolorado ta Amurka ne suka jagorance shi, tare da abokan aikinsu na Magdeburg a Jamus.

Saboda haka ku gaya wa yaranku fasa waya asara ce zalla. Nau'in da ke fuskar waya da kalkuleta ba mai hawa-hawan ba ne, ba ya yin yana. Abin da ke tsakanin gilasan biyu ma bai kai kaurin gashin kai ba, wasu sabbin wayoyin kuma babu shi sam. Ga batir, wanda in aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Duk gwajin da ke buƙatar wuta a makaranta za a yi shi, a gaban malam. Abin da muke so daga gida shi ne wayar ƙarfe, ɗan sabulu da faranti. Wanda aka sake kawo ƙararsa ba zai shiga baje kolin ba.

Baje kolin ranar Asabar ta ƙarshen wata ne, da ƙarfe 10 na safe. Bara kujerun iyaye rabinsu babu kowa, yara suna ta leƙen ƙofa. Don girman Allah kada a maimaita.

Masu sauran kuɗin zango sun san kansu. Latti ya dawo, ƙarfe 7:30 ake rufe ƙofa. Muna godiya ga ƙungiyar iyaye da malamai da ta gyara mana famfo, da malamar aji ɗaya da ta tsaya a kan aikin har ya kammala. Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a.

Wassalam,
Shugaban Makaranta