Wasiƙa ga Iyaye: Taron Jin Ra'ayi Kan Yaranmu Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye da masu riƙon yara.

Hukumar makaranta da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai na gayyatarku taron jin ra'ayi kan tallafin da yara masu buƙata ta musamman ke samu a unguwanninmu na nan Katsina, da wanda ya kamata a ce suna samu. Za a yi shi ranar Asabar ta farko bayan hutun tsakiyar zango, da ƙarfe 10 na safe, a harabar makaranta. Iyaye mata za su zauna a aji daban tare da malamai mata, domin uwa ce ta fi kowa sanin halin ɗanta, kuma ba kowace ke sakin jiki ta yi magana a gaban maza ba. Abin da aka tattara za a haɗa shi a takarda guda, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a aika wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) kwafi.

Abin da za mu nema haƙƙi ne da doka ta ba yaran nan. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce mai naƙasa na da haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan kula da irin waɗannan ɗalibai, tare da kayan aikin da suke buƙata. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) ma tana ware wani kaso na kuɗinta don ilimi na musamman. Sai dai kaya da malamai na bin adadi ne. A fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara akwai gurbin ɗalibai masu buƙata ta musamman, kuma idan aka bar shi fayau, a takarda babu yaron ke nan, babu abin da za a turo masa. Yaron da aka ajiye a gida saboda kunya ko tsoron tsokana bai ma kai ga fom ɗin ba.

Shi ya sa muke roƙo kada a zo da "a taimaka mana" kawai. A zo da bayanin da za a iya rubutawa: shekarun yaro, abin da ke damunsa da lokacin da aka fara lura, katin asibiti ko takardar gwaji idan akwai, nisan gida da makaranta, wanda ke kawo shi da kuɗin Keke Napep a mako, da abu ɗaya ko biyu da in an samu za su canza masa karatu. Sunan yaro zai tsaya a rajistar makaranta. Adadi da irin buƙata kaɗai za su shiga takardar da za a fitar.

Matsalar ji ita ce ta fi ɓuya, don haka za mu daɗe a kanta. Yaron da ba ya ji sosai yakan sha duka a kan an ce taurin kai gare shi. Ku lura: yana juyowa in an kira shi ta baya? Yana kafe bakin mai magana da ido? Ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa na yawan zubar da ruwa? Duk waɗannan na iya taɓa ji. Kunnen da ke zuba asibiti yake buƙata, kada a ɗura masa mai ko ruwan ganye. Gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro ake yinsa. A fara tambaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Na'urar ƙara ji da ake rabawa a wajen taro sau da yawa ba ta daɗewa ake jefa ta a kwaba, kuma dalilan sanannu ne. Ba a saita ta da sakamakon gwajin yaron ba, sai ta riƙa yi masa ƙara ya cire. Batirinta ɗan ƙarami ne, mako ɗaya zuwa biyu ya ƙare, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Robar da ke shiga kunne na yi wa yaro kaɗan yayin da yake girma, sai na'urar ta fara fito. Ƙurar hunturu da gumin bazara kuma na toshe ta. Don haka wanda zai nemi na'ura a taron ya haɗa da gwaji, batirin shekara, da wurin gyara. Haka nan maganar hannu da yaro ya tashi da ita a gida ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, wadda tushenta na Amurka ne. Muna ganin ya dace a nemi ajin koyon ta ga iyaye, ko sau ɗaya a mako, kada yaro ya dawo hutu ya rasa abokin hira a gidansu.

Matsalar ido ta fi sauƙin ganowa. Ana tsayar da yaro mita 6 daga allon gwaji, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya. Da yawa tabarau da kujerar gaba da rubutu mai manyan baƙaƙe sun wadatar da su. Wanda ba ya gani sam yana buƙatar allon rubutun makafi da tsinkensa da takarda mai kauri, da malamin da ya iya karanta abin da ya rubuta.

Ga masu keken guragu, a kula da awo. Gangaren shiga aji, duk tsayin santimita 1 na buƙatar tsawon santimita 12. Dakalin da ya kai santimita 30 gangarensa mita 3.6 ne. Magina kan taƙaita shi don tsimin siminti, sai ya yi tsaye har keke ya kife da yaro. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90. Ban-ɗaki kuwa shi ne abin da iyaye ke jin nauyin faɗa, alhali shi ke fitar da yara mata da yawa daga makaranta: ramin tsuguno babu abin riƙewa ba ya yiwuwa ga yarinyar da ƙafafunta ba su ɗaukarta. A faɗe shi a taron, a rubuta.

Iyayen masu farfaɗiya da masu sikila su ma su zo. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. In ta tashi a kwantar da yaro ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti. Mai sikila yana buƙatar ruwan sha a kusa, izinin fita ban-ɗaki ba tare da dogon bayani ba, da rigar sanyi. Waɗannan ba su cin kuɗi, horar da malamai kawai suke so. Yaron da ya kai aji uku bai haɗa baƙi ba alhali yana da kaifin baki, ko mai lalurar galahanga, shi ma yana cikin lissafi.

Akwai tambayar da muke son kowa ya zo da amsarsa. Jihar nan na da makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi, inda ake samun ƙwararrun malamai, amma ba kowane uba zai iya rabuwa da ɗan shekara 7 zuwa makarantar kwana ba. Kun fi son a ƙarfafa waɗancan, ko a kafa aji mai kayan aiki da malami ƙwararre a makarantar unguwa, yaro ya kwana gida? A ganinmu ƙananan yara sun fi dacewa da kusa da gida, amma ra'ayinku ne za a rubuta.

Masu yara a ajin ƙarshe na sakandare su tuna cewa tun wajen rajistar WAEC ake bayyana buƙatar takardar rubutun makafi ko mai manyan baƙaƙe. In an bari sai ranar jarrabawa, an makara.

Wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko da bayaninsa a rubuce, da boko ko ajami, ta hannun malamin aji kafin ranar Alhamis ta makon taron. Idan kun san gidan da ke da irin wannan yaro da bai shiga makaranta ba, ku isar musu da gayyatar nan, ko ku sanar da mai unguwa ya isar.

Wassalam,
Shugaban makaranta, a madadin kwamitin SBMC da ƙungiyar iyaye da malamai