Koko da shayi ba sa riƙe tsoho: a duba abincin gajiyayyunmu da ke kwance a gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu jinyar iyaye da kakanni a gida, da kuma hukumomin da ya kamata su dafa musu.

A ƙasar Hausa ba a kai tsoho gidan renon tsofaffi, a ɗakinsa yake ƙarasa kwanakinsa cikin 'ya'ya da jikoki. Wannan abin godiya ne. Sai dai a cikin ɗakin nan ne tsofaffi da yawa suke ramewa a hankali, kowa na gani yana cewa tsufa ne, alhali yunwa ce. Da safe kokon ludayi biyu, da rana a kawo tuwo ya gutsura loma uku ya ture, da dare shayi. Jika ya ɗauke kwanon ya cinye saura, uwar gida ta ga kwano fes ta ce Baba ya ci. Haka ake wata shida.

Abu na farko shi ne awo, domin ido yana yaudara, musamman ga mai babbar riga ko mai kumburin ƙafa. Inda ake da sikeli a auna shi sau ɗaya a wata, da safe, da kaya marasa nauyi, a rubuta. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata uku zuwa shida ba da niyya ba, misali mai kilo 60 ya koma 57, yana bukatar ganin likita. Wanda ba ya iya tsayuwa kuwa, tef ɗin tela ya isa. A lanƙwasa gwiwarsa a zagaya sha-raɓa, wato tsokar bayan ƙwauri, daidai inda ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta zube. A tsakiyar damtse kuma ƙasa da santimita 23 da rabi abin dubawa ne. Zobe ya fara zamewa, gefen goshi ya lotsa, tashi daga tabarma ya gagara sai an kama, duk saƙo ɗaya suke isarwa.

Mutane na ɗauka tsoho ba ya aiki, don haka ba ya bukatar abinci mai nauyi. Ƙarfin da yake ƙonawa ya ragu, gaskiya ne, amma bukatarsa ta sinadarin gina jiki, wato furotin, ta ma fi ta matashi idan aka auna da nauyin jiki. Ƙa'idar da masana abincin tsofaffi ke bi ita ce giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo a rana, idan kuma yana jinya ko yana da gyambon kwanciya a kai har 1.5. Ke nan tsohuwa mai kilo 50 tana neman giram 50 zuwa 60 kullum. To kofin koko tsararo, wanda aka tace aka zubar da dusa, da ƙyar ya ba da giram uku. Shayi ba madara ba ya ba da komai, kuma idan aka sha shi tare da abinci yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Ƙwai ɗaya giram shida ne. Kofin nono mai kauri kusan takwas. Kofin dafaffen wake ya kai sha uku. Duk mai jinya ya lissafa abin da ya shiga cikin majinyacinsa jiya, zai ga giɓin da kansa.

Tunda cikin tsoho ba ya ɗaukar da yawa, dabarar ita ce a ƙara wa kowace loma albarka, ba a ƙara girman kwano ba. Babban kwano cike da tuwo ma kashe masa sha'awar ci yake. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. Ga haɗin garin kunu da kowane gida zai iya yi: gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A tsince gyaɗar sosai a zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta yi baƙi, domin tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta kuma wuta ba ta kashe shi. Waken suya a jiƙa, a murje ɓawon, a shanya ya bushe, a soya shi har ya yi ƙamshi. Wanda bai soyu ba yana kumbura ciki, daga nan tsoho ya tsani kunun gaba ɗaya. A niƙa, a tankaɗe, a adana a mazubi mai murfi, kuma kada a yi wanda zai wuce wata guda saboda man gyaɗar yana sa shi ɗaci. Cokali huɗu manya na wannan gari sun kusa giram takwas na furotin. A ƙara madarar gari cokali biyu da man gyaɗa cokali ɗaya, wanda shi kaɗai ƙarfinsa ya kai kalori 120. A lura da abin da ake saya da sunan madara: wani farin garin na saka wa shayi ne kawai, mai da sitaci ne, a karanta bayan leda.

Sauran kuwa duk abincinmu ne na gida. Alale ya fi ƙosai sauƙin tauna, ana iya fasa ƙwai a cikin ƙullun. Awara a dafa ta cikin miya maimakon a soya ta ta yi tauri. Busasshen kifi a cire ƙaya tsaf a daka ya zama gari a zuba a miyar kuka ko kuɓewa. Ƙuli-ƙuli a daka a yi kwaɗon zogale da ya dahu luguf. Faten wake, faten dankali, hanta da aka niƙa, gwanda, ayaba. Nono kuwa a tabbata an dafa madararsa kafin ta kwana, kuma ruwan da za a dama fura da shi mai tsabta ne. Sau da yawa ba ƙin abinci tsoho yake ba, haƙori ne babu, ko dasashi na ciwo, ko farin ƙwayar cuta ya rufe harshe. A haska bakinsa da fitila a duba.

Inda muka fi so a tsaya shi ne haɗiya, musamman ga wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko mai rawar jiki ko wanda ruɗewar tsufa ta yi nisa. A irin waɗannan, ƙofar da ke rufe hanyar numfashi lokacin haɗiya takan yi jinkiri, sai ruwa ya riga ta ya gangara huhu. Ruwa tsararo shi ya fi saurin ƙwarar da su. Alamun su ne tari ko tsarkewa ana cikin ci, murya ta koma kamar mai kurkure maƙogwaro, idanu su kawo ƙwalla, abinci ya taru a kuncin da ya shanye, sai kuma zazzaɓi da tari da ke dawowa bayan 'yan kwanaki. Wasu ma ba sa tarin, shiru abin ke shiga. Nimoniyar da ke biyo baya tana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke masu wannan lalura.

Don haka ba a ɗura wa mutum komai yana kwance ko yana gyangyaɗi, ko da ruwan addu'a ne. Ba mu ce kada a ba shi ba, a zaunar da shi tukuna. A jingina shi ya miƙe sosai, a tokare ɓarin da ya shanye da matashi, haɓarsa ta ɗan sunkuya, kada kai ya langaɓe baya. Mai ba shi ya zauna daidai tsayinsa, domin idan yana tsaye sai majinyacin ya ɗaga kai. Ƙaramin cokali, rabi-rabi, ta ɓangaren baki mai lafiya, kuma a ga maƙoshi ya motsa kafin a kai na gaba. Ba hira, ba rediyo. An gama, a share kunci da ƙyalle mai tsabta, a bar shi zaune minti 30 aƙalla. A wanke baki safe da dare ko babu haƙori ɗaya, domin ƙwayoyin cutar baki su ne ke bin miyau zuwa huhu. Abinci mai ruwa da gudaji a haɗe, kamar fura mai gaya cikin tsinkakken nono ko burodi cikin shayi, ya fi wahalar sarrafawa. A dama ya zama bai ɗaya, mai kaurin da zai zauna a cokali amma ya sulluɓo gaba ɗaya in an karkata shi. Irin kaurin da ya dace da kowane majinyaci kuwa a nemi ma'aikatan asibiti su gwada su faɗa kafin sallama. Kuma kada a daka ƙwayar magani a zuba a kunu sai an tambayi mai ba da magani, domin wasu, kamar wasu magungunan hawan jini, an yi su ne su narke a hankali cikin yini.

Ruwan sha ma matsala ce mai zaman kanta. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar da, wani kuma da gangan yake ƙin sha don kunyar tada mutane su kai shi bayi cikin dare. Mace na bukatar kimanin lita ɗaya da rabi zuwa sama, namiji lita biyu, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, har da kunu da romo a lissafi, a ƙara a zafin bazara. A fi ba shi da safe da rana, a ajiye masa fo kusa. Fitsari ya yi ja, harshe ya bushe, bayan gida ya yi tauri, ko a wayi gari yana sambatu bai gane mutane ba, kafin a ce iska ce a tuna da ruwa da kuma ciwon mafitsara. Banda mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ƙayyade wa ruwa. Shi ma mai ciwon ƙoda ba a ƙara masa furotin sai da izinin likita.

Akwai kuma hanin da ya wuce kima. Ana cewa mai ciwon suga, sai a hana shi komai sai acca da ganye, ga shi ɗan shekara tamanin yana ta zubewa. A wannan shekarun faɗuwar suga ta fi ɗan hawansa haɗari. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide, idan ya ƙi abinci kuma aka ba shi maganin, zai iya jiƙewa da gumi, ya kama karkarwa, ya fita hayyacinsa. In yana iya haɗiya a dama sukari ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa a ba shi, in ba ya iyawa a garzaya asibiti. Mai hawan jini kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa suna cikin lissafin. A rage su, a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa, kada miya ta zama salam ya ƙi ci. Wanda ya yi kwana biyar ko fiye kusan bai ci komai ba, ba a cika masa ciki rana ɗaya; gishirin jini kan rikice har zuciya ta taɓu, a asibiti ake fara shi a hankali. Azumi kuwa, addini ya riga ya sauwaƙe wa tsohon da ba ya iyawa ya ciyar, malamai su taimaka wajen lallashi.

Duk wannan aiki yawanci a kan mace ɗaya yake, 'ya ko suruka, ba wanda ya koya mata. A Amurka dokar kula da tsofaffi ta 1965, wadda aka ƙara wa shirin abinci a 1972, ta tanadi ciyar da 'yan shekara 60 zuwa sama, ko a taru a ci a cibiya ko a kai wa wanda ba ya fita har gida, kuma kowane kwano sai ya cika kashi ɗaya cikin uku na bukatar yini. A Najeriya an sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, amma tsarin kai abinci ɗakin gajiyayye bai zama ruwan dare ba. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna buɗe wuraren ciyarwa da azumi, suna kuma da hukumomin zakka da waƙafi. Sai dai wanda ke kwance ba ya bin layi, kuma buhun shinkafa da katan ɗin taliya ba su ne abin da jikinsa ke nema ba.

Muna kira ga masu unguwanni da limamai su fitar da sunayen tsofaffin da ba sa iya fita, musamman waɗanda ba su da 'ya'ya a kusa. Ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, da suka saba auna damtsen yara, a ba su tef da takarda su riƙa leƙa waɗannan gidaje duk wata uku, su nuna wa mai jinya yadda ake zaunarwa da bayarwa. Hukumomin zakka su sa garin kunun nan da wake da man gyaɗa da madara a cikin rabo. Inda za a dafa a kai, a zuba shi cikin kula tun yana da zafi, a ci cikin awa biyu, wanda ya kwana kuma a zubar. Mai kaiwa kada ya miƙa a zaure ya juya, domin tsofaffinmu da kawaici, za su raba wa jikoki su ce sun ƙoshi. Ya shiga, ya gaishe su, ya zauna har a ci, ya rubuta ko rabi aka ci ko kwata. Kwana uku a jere ana barin fiye da rabi, ya sanar da asibitin unguwa.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.

Daga wasu ma'aikatan jinya da masana abinci mai gina jiki,
Zariya.