Sanarwa kan wasan Asabar

Salamu alaikum ƴan uwa. Asabar ɗin nan bayan la'asar muna nan unguwar Nima inda muka saba, amma sai mun tsayar da wasa ɗaya cikin wasannin RPG na tebur (inda kowa ke taka rawar jarumi a cikin labari, ana jefa dayis) kafin Juma'a, don wancan karon rabin lokacin a gardama ya tafi.

Ni dai Cairn nake so. Kyauta ake sauke shi, ma'auni uku kacal jaruminka yake da su, kowanne da lambarsa, ka jefa dayis mai fuska 20 ka samu daidai lambarka ko ƙasa da ita shikenan ka tsira. Kuma a faɗa babu zancen ko sara ta samu, kowace sara tana shiga, dayis ɗin ɓarnar kawai ake jefawa, shi ya sa jarumi mai ƙarancin makin rai in ya yi gaggawar zaro takobi sai dai wani ba shi ba. Mörk Borg na ƴan Suwidin ya fi shi mugunta, duniyar ma ƙarewa take yi, ga rubutun littafin sai ka juya waya kafin ka karanta.

Shadowdark kuma tocilan ɗin jaruminka a cikin wasan awa ɗaya ce ta agogon gaske, in an ɗauke wuta ma dai mun shiga yanayi.

Kowa ya zo da jarumai biyu, na farko ba zai kai magariba ba.