Ƴan uwa masu karɓar tallafi a Amurka, a dinga buɗe ambulan

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan bani fili, wata magana ce ta daɗe tana cina a rai, kuma nasan jaridar nan tana zuwa har wayoyin mutanenmu dake nan New York, mu na Bronx da Harlem, ƴan zangon Ghana da ƴan Nijar da ƴan Najeriya duk ana karantawa, ko a tasi mutum yake yana jiran fasinja zaka ga ita yake dubawa.

Maganar tallafin gwamnati ce, wato katin abinci da ake cewa SNAP, wanda har yau tsofaffin cikinmu fud stam suke ce masa duk da tun 2008 aka canza sunan, da Medicaid na asibiti, da kuɗin hannu da ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Neman abun baya mana wuya, akwai masu cike fom a kowane lungu. Inda muke faɗuwa shine bayan an bamu, sai mu ɗauka shikenan an gama, kati ya shigo aljihu sai cefane. Alhali ranar da ka sa hannu a fom ɗin nan alkawari ka ɗauka cewa in wani abu ya canza a gidanka zaka faɗa, kuma wallahi yawancinmu bamu ma san mun ɗauki alkawarin ba.

Ni kaina sai da na ƙone kafin na gane. Tuƙi nake yi, shekarun da abun yai sanyi muka nemi katin abinci saboda yara, aka bamu. Can sai maiɗakina ta samu aikin kula da wata tsohuwa a gida, awoyi kaɗan ne da farko. Bayan Juma'a a bakin masallaci na tambayi wani babban yayanmu da ya girmeni a ƙasar nan, yace kai rabu da su, sai lokacin sabuntawa ake faɗa. Na ji daɗin amsar dan ita nake so inji. To ashe rabin gaskiya ya faɗa min. Da sanyi ya shigo aka ƙara mata awoyi, ga obataim, nima aiki ya buɗe, kuɗin dake shigo mana ya haura layin da aka shata mana bamu sani ba. Bayan wasu watanni sai ga ambulan, wai an biyamu fiye da haƙƙinmu, ga lissafi wata bayan wata, ga jimla a ƙasa. Na zauna a kicin ina jujjuya takardar kamar zata canza, maiɗakina ta shiga ɗaki ta jawo ledar da muke tura takardu daga ƙarƙashin gado, muka zazzage a ƙasa, sai ga letar farko da aka aiko mana ranar da aka amince, ko buɗeta da kyau ban yi ba, a shafi na biyu ga adadin nan ɓaro-ɓaro an rubuta, in kuɗin gidanku na wata ya wuce kaza ku sanar. Ban da bakin magana.

Ga yadda abun yake, dan kar wani ya faɗa ramin da na faɗa. A katin abinci yawancin gidaje masu aiki suna kan tsari mai sauƙi ne, ba kowane ƙaramin canji ake so ka ruga ka faɗa ba, akwai fom da ake aiko maka a tsakiya, wajen wata na 6, ka cike ka mayar, sannan ga sabuntawa in wa'adi ya cika. Nan ne yayan namu yake da gaskiya. Amma akwai layi ɗaya da ba a jira, in kuɗin da ya shigo gidan gaba ɗaya a wata, kafin a cire haraji, ya wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, to dole ka sanar kafin 10 ga watan dake biye. Daga Oktoban 2024 zuwa Satumban 2025 layin gida mai mutum 4 dala 3,380 ne, kuma duk 1 ga Oktoba ake canza shi, shi yasa nace ka duba letarka kar ka dogara da abun da wani ya haddace shekara biyar da ta wuce. A lura, kafin a cire haraji nace. Mutanenmu abun da ya faɗo a akawun suke kallo, su kuma ofis na saman takardar albashi suke kallo. Sannan wuce layin ba lallai yana nufin za a rufe maka ba, wani lokacin ragewa kawai za ai.

Wanda kuma yake karɓar kuɗin hannu, nasa ya fi tsauri, anan New York kwana 10 ne kusan duk wani canji, sabon aiki, tashi daga gida, wani ya shigo ko ya fita. Mutum ɗaya zai iya zama yana kan tallafi uku kuma kowanne da dokarsa, kar kace ai na faɗa wa na asibiti dan haka na abinci ma sun ji. Ka faɗa wa kowa nasa.

Masu cewa ai ba za su gane ba, Allah sarki. Duk kamfanin da ya ɗaukeka aiki a ƙasar nan doka ta tilasta masa ya kai sunanka ga gwamnati cikin kwana 20, ga bayanan albashi da ake haɗawa da lambarka, kwamfuta ce take tsefewa ba mutum ba. Jinkiri kawai ake yi, kuma jinkirin nan shine yake kumbura bashin, dan duk watan da ya wuce ana ƙara lissafi. Ramin ƙarya ai ƙurarre ne.

Yadda ake karɓar bashin ma ya kamata a sani. In an ɗauka kuskure ne, ana cire kashi 10 cikin 100 na abun da ake saka maka a kati duk wata, ko dala 10, duk wanda ya fi yawa, misali mai karɓar 600 za a dinga cire masa 60 har a gama. Abun da zai baka mamaki ko kuskuren daga ofis ne ba daga kai ba sai ka biya. In kuwa aka tabbatar da gangan ka ɓoye, cirewar ta koma kashi 20, a dakatar da kai wata 12 a karon farko, wata 24 a na biyu, na uku kuma har abada. Rufe kes baya kashe bashin, rarar kuɗin harajin nan da muke jira a dawo mana da ita farkon shekara, wanda wasu da shi suke sayen tikitin gida ko su tura a ci gaba da gini, daga nan za a iya zaftarewa. Kuma duk babban da ke cikin kes ɗin bashin yana wuyansa, ba maigida kaɗai ba, wannan mata su ji da kyau, sa hannun da kike yi ba tare da kin tambaya ba naki ne.

Wani abu da yake bani haushi, tsoron faɗa ya sa muna asarar haƙƙinmu ma. Mun ɗauka duk sanarwa ragi take jawowa. A'a. Mai gida ya ƙara maka kuɗin haya, faɗa, ana saka haya a lissafi. An rage maka awoyi ko aikin ya tsaya, faɗa tun yau kar ka jira wata shida kana shan wahala. Madam ta haihu, bayan an ci suna an raba goro a tuna da ofis, jariri mutum ne a lissafi, ga kuma WIC, tallafin abinci na masu ciki da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Kuɗin da kike biya ana riƙe miki yara kina wajen aiki shima ana duba shi. Mu direbobi da masu kai saƙo da mata masu kitso da suke zaman kansu, kuɗin mai da gyaran mota da kayan aiki ana iya cirewa kafin a lissafa, amma sai da risit, mu kuwa risit a ƙasan kujerar mota yake ruɓewa. Abu ɗaya da ba a cirewa, kuma nasan zai sosa ran mutane, shine kuɗin da muke turawa gida. Ko rabin albashinka kake aika wa Hajiya a Kumasi ko Maraɗi, a wajensu kuɗinka ne.

Sai maganar waye ɗan gida, wadda ita ce ta fi rikita mu saboda yadda muke zama. Mu baƙo ya sauka, ɗan ƙanin babanka ne ko ɗan unguwarku, ka bashi katifa a falo, tukunya ɗaya, ai ba a tambaya. Su kuwa ma'auninsu a katin abinci shine su waye suke sayen abinci tare suna dafawa tare. Miji da mata dole kes ɗaya, ɗa ko ƴa da basu kai shekara 22 ba in suna zaune da iyaye dole kes ɗaya, ko da yaron ya fara aiki yana ci a waje. Da yawa anan suke zamewa, yarinya ta gama sakandare ta samu aiki a shago, iyaye suce ai ɗan kuɗin kwalliyarta ne, alhali ya shiga lissafin gida.

Haka tafiya. Mun saba tura yara gida su yi shekara ɗaya ko biyu su samu karatun Alƙur'ani da tarbiyya, abu ne mai kyau nima ina da niyya, amma yaron da yake Kano ko Tamale baya cin abinci a Bronx, barinsa a kes matsala ce babba. A dokar tarayya ta 1996, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, wadda ita ce ta kawo iyakar wata 60 a kuɗin hannu na iyali, an ce in ta bayyana yaro zai daɗe baya gida, iyaye su sanar cikin kwana 5. Dattawanmu dake karɓar SSI kuma, wato kuɗin da ake ba tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, in mutum ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka kuɗin yana tsayawa, to wanda zai je Hajji ya zarce gida ya huta wata uku ya san da wannan tun kafin ya hau jirgi.

Adireshi kuwa kar a ce komai. Mu da tashi daga gida kamar Fulanin daji, amma ba ma canza adireshi, leta tana can tana zuwa tsohon gida. Lokacin korona an dakatar da cire mutane daga Medicaid, da aka dawo tantancewa daga Afrilun 2023 sama da mutum miliyan 25 aka cire a faɗin ƙasar, kuma kusan 7 cikin 10 ba wai an samesu basu cancanta bane, takarda ce ba a mayar ba ko bata isa hannunsu ba. Nasan wata baiwar Allah da sai a kantin magani ta ji labari, ta miƙa kati aka ce baya aiki, ga yaro da asma.

Yanzu kuma dokar da aka sa wa hannu 4 ga Yulin 2025 ta ƙara ɗaure maganar aiki a katin abinci, sharaɗin awa 80 a wata ya kai har masu shekara 64, ya kuma shafi iyayen da ƙaramin ɗansu ya kai 14, in ba a cika ba wata 3 kawai ake ba mutum cikin shekara 3. Wanda abun ya shafa, awoyinsa na raguwa shima abun faɗa ne. Dokar ta taɓa wasu baƙi ma dangane da irin takardar zamansu, wannan kam ba maganar bakin masallaci bace, lauyan shige da fice ake tambaya, akwai ƙungiyoyi masu yi kyauta.

Abun da nake yi yanzu ba wani abun a zo a gani bane. Duk takardar da zan miƙa sai na ɗauketa hoto, in ta manhajar waya na tura sai na ɗauki hoton shafin da ya nuna ta shiga, in da ƙafa naje sai an bani risit mai kwanan wata, in waya na buga na rubuta rana da sunan wanda mukai magana a bayan ambulan. Fatar baki bata da daraja a wajen nan ko kaɗan. Sannan wanda Turanci bai zauna masa ba ya nemi tafinta, kyauta ne kuma haƙƙinsa ne, ace Hausa ake so, ana samu ta waya. A daina jan yaro ɗan shekara goma yana fassara maganar albashi da bashi, yaron baya ganewa kuma ba tarbiyya bace ya san duk sirrin gida.

In kuma leta ta zo ance za a rage ko za a rufe kuma kana ganin ba daidai bane, kar ka ninke ta kace Allah ya isa. Kana da damar neman a zauna a saurari ƙorafinka gaban alƙalin hukuma, a katin abinci kwana 90 gareka, kuɗin hannu da Medicaid anan New York kwana 60. In ka nema da wuri kafin ranar da aka rubuta canjin zai fara, ana iya ci gaba da baka yadda aka saba har a yanke hukunci, sai dai in ka faɗi zaka mayar da na tsakanin. Ranar tana jikin letar, shi yasa ambulan da aka bari kan firij sati uku take cutarwa.

Ina roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin zango da na ƴan Nijar su ware ko minti goma bayan Juma'a, a gayyato ma'aikatan taimakon shari'a su yi bayani, a samu mai fassarawa. Kuma Edita in da hali ku ɗan dinga taɓo irin wannan, mu na waje ma masu karatunku ne. Namu bashin dai saura wata huɗu mu gama, ledar ƙarƙashin gado kuma maiɗakina ta mayar da ita fayil mai aljihu-aljihu, ita take riƙe da shi, ni ko taɓawa bata bari inyi.

Naku,
Wani direba, Bronx, New York