A sanar da 'yan kasuwa akwai kotun ƙananan basussuka

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in faɗa wa 'yan uwana 'yan kasuwa abin da ya faru da ni, don wallahi na san akwai mutane da yawa da kuɗinsu ya maƙale a hannun wasu, sun yi jele har sun gaji sun ce sun bar wa Allah, alhali akwai hanya mai sauƙi ba su sani ba.

Ni atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Wani kwastoma na da muka shekara huɗu muna hulɗa ya ɗauki kaya na naira miliyan 1 da dubu 350 ana saura sati uku ƙaramar sallah, ya turo dubu 400 ya ce ragowar bayan sallah, to daga nan fa sai labari ya canza, yau ya ce yana hanya gobe ya ce mahaifiyarsa ba lafiya jibi wayar a kashe, haka muka yi wata goma sha ɗaya. Na je wajen yayansa, na kai magana gun shugabannin layinmu, har limamin unguwarsu sai da ya sa baki, kullum sai ya yi alƙawari ya saɓa. Kuma dubu 950 ɗin nan ba duka nawa ba ne, ni ma akwai dilan da ke bina, kullum ina cikin kunyarsa.

Abokai suka ce in kai shi wajen 'yan sanda a ɗan rufe shi kwana biyu zai kawo. Ɗan yayata da ke karatun lauya ne ya hana ni, ya ce kawu kar ka soma, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, in ka yi haka shi ne zai juyo ya yi ƙararka ka koma kai ne mai biyan diyya. Shi ya fara gaya min zancen kotun ƙananan ƙararraki. Ashe tun 2018 aka fara ta a Legas, Kano ta biyo baya, jihohi da yawa ma yanzu sun buɗe, kuma kwamitin nan na PEBEC da gwamnatin tarayya ta kafa a 2016 don sauƙaƙa kasuwanci shi ya yi ta turawa a yi. Ba wani gini ne daban ba, cikin kotunan majistare ne aka ware wasu alƙalai. Da aka fara, iyakar kuɗin da za ka nema naira miliyan 5 ne, amma kowace jiha da nata tsarin, don haka mutum ya tambayi rijistara. Kuma bashi ne tsagwaronsa wanda aka san adadinsa, ban da rigimar fili ko gado ko aure.

Abin da aka fara sa ni shi ne takardar neman biya, fom ne ake cikewa a kai masa a ba shi kwana 14. Bai biya ba. Na koma na cike fom ɗin ƙara na biya kuɗin rajista, wanda gaskiya bai kai abin da na ƙona a man mashin ina bin sa ba, aka kai masa sammaci. Dokar kotun ta ce daga ranar shigar da ƙara zuwa hukunci kar ya wuce kwana 60, kuma ba a yarda da ɗage-ɗagen nan da ke sa mutum ya tsani kotu ba. Ban ɗauki lauya ba, ni na tsaya da bakina, da Hausa ma na yi bayani tafinta yana juyawa.

To ga inda nake so 'yan kasuwa su buɗe kunne. Ranar da muka tsaya gaban alƙali mutumin nan bai ce bai karɓi kaya ba, cewa ya yi wai ba saya ya yi ba, na ba shi ne ya sayar ya kawo, kuma wai rabin kayan sun ƙi shiga, sannan kuɗin ma wai bai kai yadda na faɗa ba. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya a shago. Da ba ni da komai a hannu da maganata da tasa ce kawai, kuma ni na kawo ƙara ni zan kawo hujja. Allah ya taimake ni ina da littafin bashi, ranar da ya ɗauki kayan na rubuta turmi nawa bandir nawa da farashi ya sa hannu a gefe, ga takardar banki mai nuna dubu 400 ɗin da ya turo, ga yaron shagona da ya ɗora masa kayan a adaidaita ya zo ya ba da shaida, uwa uba ga saƙon murya a WhatsApp da bakinsa yana cewa Alhaji ka yi haƙuri da ragowar dubu 950 ɗin nan zuwa ƙarshen wata. Shi wannan na waya sai da aka haɗa da wata 'yar takardar tabbatarwa, don dokar shaida ta 2011 sashe na 84 haka ta tanada kan duk abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta. Da aka kunna muryar a kotu sai ya sunkuyar da kai.

Kwana 47 aka yanke hukunci ya biya ni. Kuma kar wani ya ɗauka ana yin hukunci kuɗi za su faɗo aljihu, a'a, an ba shi kwana 14 in zai ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, bai yi ba, sai da ya ji ana zancen za a iya taɓa asusunsa na banki ko ma'aikatan kotu su je su kwashi kaya a shagonsa sannan ya nemi a raba masa kashi uku, na yarda don ni ba tozarta shi nake so ba, haƙƙina nake so. Ya biya biyu saura ɗaya.

Abin da ke ci min rai, maƙwabcina a layi shi ma yana bin wani sama da miliyan 2, na ce mu je in raka ka, da muka zauna ashe ko layi ɗaya bai rubuta ba, kuɗi hannu da hannu, ba shaida ba komai, wai kunya yake ji ya ce wa abokinsa ya sa hannu. Ina kunya a nan jama'a? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi ta sauka, Allah da kansa ya ce a rubuta a kafa shaidu, mu ne muka mayar da rubutun kamar rashin yarda. Har yau bawan Allahn nan bai ga sisi ba, jarinsa ya karye, yanzu a shagon wani yake zama.

Roƙona ga masu ruwa da tsaki, a fassara fom ɗin nan da Hausa don wanda na cike da Turanci yake sai da ɗan yayata ya zauna da ni, matar da ke sayar da kaya a gida ko mai awo a Dawanau wa zai zauna da su? Gidajen rediyonmu su riƙa gayyato alƙalai da lauyoyi suna bayani, shugabannin Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai su tara mutanensu a gaya musu. Ku ma Malam Edita don Allah ku tura wakilinku ya zauna a irin kotun nan ko na yini ɗaya ne ya rubuto wa mutane yadda ake yi daki-daki, da inda kotunan suke a kowace jiha.

Na gode da ba ni dama.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano