Wasiƙa daga Gwanzu: Maganar Auta da rumfar POS

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Umma? Allah ya ƙara sauƙi. Ya kasuwa, ya zafi?

Na saurari saƙonka a kan Auta. Kana so a kafa masa rumfar POS a bakin layinmu da kuɗin da na turo, ka ce zamani ya zo, Kano ma ba a bar ta a baya ba. Kai ne babba, abin da ka yanke shi za a yi, amma ka ba ni dama in faɗi tawa.

Wajen amfani da abin zamani kam, ba mai raina Kanawa. Tun wahalar canjin kuɗi ta 2023, mai shayi da mai rake da ɗan adaidaita sahu duk sun koyi karɓar tiransifa. 'Yan Kantin Kwari a WhatsApp suke baza atamfa, a saya daga Maraɗi ba a tako ba. To amma wa ya ƙera abin da ke hannunsu? Tecno da itel da Infinix ɗin da suka cika kasuwar waya ta Fam Santa duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, gidansa yana Shenzen a nan Chana, tafiyar kusan rabin awa daga nan a jirgin ƙasa mai gudu. Kamfanonin POS ɗin kuwa a Legas suke zaune. Namu a ciki ita ce 'yar ribar da ake cira a kan kowane ciniki, ita ma kowane layi rumfa uku ke rububinta.

Da ma ka ga Huaqiangbei, kasuwar kayan waya ta Shenzen, da idonka. Benaye ne reras, kowane hawa cike da rumfuna, wata faɗinta bai wuce tebur ba. Yarinya ce za ka tarar ta duƙufa a kan madubin ƙara girma, tana ɗaga wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba daga allon waya, ga shinkafarta a gefe tana hucewa. Wanda ke kusa da ita kayan gyara yake sayarwa, na gaba yana da ɗan'uwa mai masana'anta a bayan gari. Ka kawo zane, a buga maka samfur, ka gani, a gyara, a sake bugawa. A 1980 aka ware garin Shenzen don masana'antu, lokacin da Bompai da Sharaɗa da Chalawa ke aiki dare da rana, Baffa yana dawowa daga masaƙa da auduga a gemu.

Kuma wallahi ba hannu suka fi mu ba. Yaran Fam Santa na ɗauke wayar da ta mutu murus su tashe ta da kayan aikin da ɗan Chana ba zai ko kalla ba. Haka masu takalma a Ƙofar Wambai. Wuta ce babu, kuma inji ba ya jiran a kawo wuta. Shi ya sa fatar da ake jema a Chalawa take tafiya Italiya, a can a ɗinka ta, a can ribar take zama. An fara shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kano a 2020, an buɗe tashar kaya ta tsandauri ta Dala a 2023, duk madalla. Sai dai in kwantena za ta riƙa shigowa da kayan Chana ta fita da ɗanyen riɗi da zoɓo daga Dawanau, hanyar kawai muka gyara wa wasu. (Masu kuɗinmu ma ba na cire su. Da mutum ya samu, sai fili, sai filaza. A zuba a kan yaro mai basira a jira shekara biyar, wannan ba ya cikin lissafi.)

Saboda haka ni a ganina Auta ya koyi gyaran inbata da haɗa sola. Rashin wutar da ya kashe masana'antu shi ya sa gidaje da shaguna ke ta ɗora faranti a kan rufi, kuma duk abin da aka ɗora wata rana zai lalace. Masu ɗorawa sun yi yawa. Wanda zai buɗe inbata ya gano abin da ya ƙone ya canja shi kaɗai, shi za a riƙa nema har gida. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yaron nan tun yana firamare yake kwance rediyon Baffa yana shan duka, kar a zaunar da shi yana ƙirga kuɗin mutane.

In ka amince, a nema masa ubangida na ƙwarai, wanda ba zai mai da shi ɗan aike ba. Rabin kuɗin a biya na koyo, rabin a ajiye. Kayan aiki ni zan saya a nan, mita da abin narka dalma da madubin, in haɗa a kagon wata mai kamawa. Amma a kira shi a tambaye shi tukuna, kuma ba a gaban Baffa ba, don ka san ba zai iya buɗe baki ba.

Ka gaida Umma, ka ce ta daina ɓoye maganin hawan jinin nan a ƙarƙashin filo. A gaida Anti da yara. In an samu mai tahowa, a ba shi yaji da kuka.

Wassalam,
Ƙaninka